Kalmomin Kakata A Rumbun Git

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin zancen kwamfuta a mujallar Sashen Hausa, har wani ya ce ko edita ya yi ɓatan kai ne ya kwaso takardar 'yan Kimiyya. A yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali. Labarin dai na kwamfuta ne, amma abin da ya salwanta a cikinta kalmomi ne, kuma ba na jin akwai wani sashe a jami'ar nan da ya kai namu sanin zafin ɓatan kalma.

Ni mutumin Kagoma ne, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna. Kagoma sunan da aka san mu da shi ne a waje, mu kuwa Gwong muke kiran kanmu. Harshen Gwong na sha a nono, Hausa kuma na tsince ta a kasuwa da coci da filin ƙwallo, kamar kowane yaro a yankinmu. Ban taɓa zaton Hausata tana da wani aibu ba sai a makon farko da na shiga aji. Malam ya tambaye ni abin da ya sa na zaɓi wannan fanni, na miƙe da ƙarfin gwiwata na ce, "Mamana ne ya ce in karanta." Aji ya kece da dariya, wani daga baya ya tambaya ko maman tawa tana da gemu. Malam bai yi dariya ba. Ya sa aka rubuta jimlar a allo, ya ce za mu dawo kanta idan mun zo darasin jinsi. Tun daga ranar na shiga kankare bakina. Ina koyon ƙ da ɗ da ts a gaban madubi, ina bin kowace mace da "ta", har ta kai idan na je hutu ƙannena suna kirana Bakano.

A ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, ba a kuma janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Da na gaji da zaman gida, sai na koma Kafanchan wurin yayana, ɗan wan babana, mai shagon buga takardu da gyaran kwamfuta. Yana cikin samarin da suka fara taɓa kwamfuta a Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, tun lokacin da intanet ke da wuyar samu a yankin. Aikina a shagon shi ne buga wa mutane takardu: katin biki, tsarin jana'iza, ajandar taron ƙauye, da yawansu da Hausa. Yaya ya sa wa manhajar rubutun wani ƙamus mai duba kuskuren rubutun Hausa, wanda wasu 'yan sa-kai suka haɗa suka saka a intanet kyauta. Yana da amfani ƙwarai, domin yakan kama ni duk inda na manta ƙugiya. Sai dai duk lokacin da na rubuta Kagoma, sai ya ja mata jan layi a ƙasa. Gwong, jan layi. Kwoi da Zonkwa da Kagoro, jan layi. Kpop Gwong, sarautar sarkinmu, jan layi biyu. Takardar taron ƙauyenmu takan fito kamar jarrabawar ɗalibin da bai yi karatu ba.

Na yi wa Yaya ƙorafi, sai ya ce da ni da irin Hausarmu ta gida, "To ka gyara mana. Ai ba a kulle shi ba."

Ashe irin wannan ƙamus ba wani abin tsoro ba ne. An gina shi ne bisa tsarin Hunspell, wanda LibreOffice da Firefox ke aiki da shi, kuma fayil biyu ne kacal. Na farko jerin kalmomi ne, kowace a layinta, layin farko kuma yana ɗauke da adadinsu. Na biyu dokokin ɗafi ne, wato inda ake gaya wa na'ura cewa kalma mai alama kaza tana iya ɗaukar ɗafa-ƙeya kaza. Duk wanda ya ci jarrabawar Ginin Kalma zai gane shi cikin yini ɗaya. Abin da ya ci mini lokaci shi ne rumbun da ake ajiye fayilolin a ciki, wato Git.

Git manhaja ce da Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya fara rubutawa a watan Afrilun 2005, bayan da masu aikin Linux suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. Matsalar da ya so warwarewa ita ce: mutane masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban suna gyara rubutu guda, yaya za a yi kada wani ya taka aikin wani? Dabarar ita ce kowa ya ɗauki cikakken kwafin rumbun ya kai gidansa, har da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi, ya yi nasa aikin, daga baya a haɗa. Na raɗa wa kalmomin wannan sana'a sunayen Hausa don amfanin kaina, kuma ina maraba da gyaran malamaina. Rumbun asali, wanda kowa ke kwafa daga gare shi, na kira shi tushe. Aikin da mutum ya ware yake yi shi kaɗai, reshe. Sauran kuwa daga gona na aro su. Idan ka gyara fayil, kamar ka yanke dawa ce tana zube a ƙasa. Idan ka ba da umarnin git add, ka tattara ta wuri ɗaya, ka yi tari. Sai ka ba da umarnin git commit ne ka ɗaure dami, ka rubuta sunanka da kwanan wata da dalili a jikinsa, ka jefa a rumbu. Kowane dami yana da lambarsa mai harafi 40. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci na tari da dami, domin ni ban riƙe shi ba, kuma a nan gizo ya yi saƙar.

A watan Satumba na ɗaure damina na farko, Yaya yana tsaye a kaina: sunayen garuruwa 30 da 'yan kai da na ƙara a ƙasan jerin, da wani sabon fayil da na buɗe na sa masa suna "bayani", inda nake rubuta kalma da ma'anarta da bakin wanda na ji ta. Daga nan abin ya zame mini jaraba. Na bar sunayen garuruwa na shiga abinci da gona da coci. Na fara lura da kalmomin da muke faɗa daidai da mutanen Kano amma ma'ana ta sha bamban. Baiko, alal misali. A Kano maganar aure ce, a wurinmu kuwa abin da ake sakawa a kwano ne ranar Lahadi. Na'ura ba ruwanta da ma'ana, ba ta ja wa baiko layi, amma ni na ba shi gurbinsa a bayani. Da aka janye yajin aiki Yaya ya ba ni wata tsohuwar laftof na taho da ita makaranta. Wata rana a Nuwamba na tuna ya ce a riƙa ajiye aiki, sai na buga git add, na ga bai yi ƙorafi ba, na rufe na tafi lacca ina ganin na gama.

Hutun Kirsimeti ya zo daidai da aikin citta. Wanda bai san kudancin Kaduna ba zai yi wuya ya gane matsayin citta a wurinmu. Ita ce kuɗin makaranta, ita ce kwanon rufi, ita ce kuɗin aure. Ana shuka ta da ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, a lulluɓe ta da ganye, a yi ta cire ciyawa da hannu, sai damina ta ɗauke a haƙa. Iri biyu aka fi sani, tafin giwa mai kauri da yatsun biri sirara. Bayan haƙa sai a zauna a tsattsaga ta da wuƙa a shanya, kuma wannan zama shi ne majalisar mata da tsofaffi. Kakata, mahaifiyar babana, ta daina zuwa gona, amma wuƙarta ba ta gajiya. Na yi kwana 9 ina zaune kusa da ita da laftof a cinya. Hausarta ba irin tawa ba ce, ba kuma irin ta Kano ba. Hausar cinikin citta ce ta zamanin ƙuruciyarta, wadda aka yi da fatake da mutanen Jaba, wasu kalmomin daga Gwong suka shiga, wasu daga bakin baƙi. Tana da suna ga cittar da ruwa ya taɓa ta yi baƙi a shanya, da suna ga wadda aka tsaga a karkace, da suna ga awon da ake yi wa ɗan gida wanda ya bambanta da na baƙo. Ba tambayarta nake yi ba, aiki ne ke fito da su. Ta ɗauki ɗaya ta duba, ta yi tsaki, ta kira sunanta ta jefar gefe, ni kuma in buga. Batir ya mutu in ruga wurin mai caji. Kafin in koma makaranta na ƙara kalma 140 da wani abu a bayani, kai tsaye, ban rubuta ko ɗaya a takarda ba. A ganina na lokacin, takarda ta tsofaffi ce.

A wani dare cikin Janairun 2023 na ga sanarwa cewa masu tushe sun fitar da babban gyara. Ga abin da suka yi. Kwamfuta ba ta san abacada ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode ƙananan haruffan a zuwa z suna tsakanin 97 da 122, ƙ kuwa 409 ce, ɓ 595, ɗ 599. Saboda haka idan ka bar na'ura ta jera kalmomi da kanta, ƙasa da ɓera da ɗaki duk sai su koma can ƙarshe bayan zuma, kamar baƙin da aka shimfiɗa wa tabarma a bakin ƙofa. Masu tushe sun sake jerin yadda ƙamusunmu ke yi, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sun kuma bi sunaye ɗaya bayan ɗaya suna sa musu alamar jinsi. Aiki ne mai kyau, na kuma ƙagu in same shi. Na ba da umarni a jawo gyaran a haɗa da nawa. Git ya ƙi. Ya rubuto da Turanci cewa akwai gyare-gyarena da haɗawar za ta goge, in ɗaure su dami tukuna ko in ɓoye su a gefe, sannan ya dakata.

Yau idan na tuna wannan saƙo sai in ga da wuya a yi wa mutum gargaɗin da ya fi shi fitowa fili. Amma a daren ban karanta shi a matsayin gargaɗi ba. Jan layi na gani, irin wanda na saba gani a ƙarƙashin sunan garinmu, kuma na riga na saba da cewa idan abu ya ƙi ni, to ni ne da kuskure, kuskure kuma gogewa ake yi. Ƙarfe ɗaya ta wuce, data tana ƙarewa. Na nemi maganin saƙon a waya, na ci karo da wani umarni da aka ce yana mayar da komai fes: git reset --hard. Ban karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba. Na buga. Bai tambaye ni ko na tabbata ba, layi ɗaya kawai ya rubuto mai ɗauke da sunan damin Satumba. Kafin in sake jawo gyaran wani abu ya ce mini in leƙa bayani. Na buɗe na tarar da layi 30 da 'yan kai.

Aikin wannan umarni ke nan: ya mayar da fayilolinka yadda suke a dami na ƙarshe, duk abin da ke zube a ƙasa ko a tari ya share. Masu iya magana sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ni dai na ƙona nawa ban san komai ba.

Da asuba na kira Yaya. "Yaya, ina kwana. Na kashe kaina."

Ya saurare ni har na gama. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka taba wani abu bayan wannan?"

"A'a."

"To kar ka taba. Ka taba yin add ko so daya?"

"Sau ɗaya, a Nuwamba."

"Allah ya so ka, kanena."

Ashe duk lokacin da mutum ya yi tari, Git ya riga ya kwafi abin da ke cikin fayil ɗin ya sa a rumbu, ko da ba a ɗaure ba. Bayan abin da na aikata, wannan kwafi ya zama maraya, babu damin da ke nuna shi, amma yana nan kwance har ranar da Git zai yi shara. Akwai umarnin da ke tattaro irin waɗannan marayu, git fsck --lost-found. Yaya ya karanto mini shi harafi-harafi a waya, katina yana zurarewa. Fayiloli suka fito, ba su da suna sai doguwar lamba. Na riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya, hannuna yana rawa. Na uku shi ne jerin kalmomi, na biyar kuma bayani, kowanne yadda yake a ranar nan ta Nuwamba. Kalma 240 sun dawo.

Na ce, "Yaya, na Disamba fa?"

Ya ce, "Abin da ba ka nuna ma Git ba, Git bai san shi ba."

Mun duba ko manhajar rubutu ta bar wani kwafi a ɓoye. Babu.

A ƙarshen makon na hau mota zuwa Kafanchan, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Abu na farko da Yaya ya sa ni yi shi ne ɗaure abin da muka ceto dami, a reshen da na sa wa suna kagoma. Sannan muka jawo gyaran tushe. A nan na ga abin da ya fi burge ni a duk sha'anin Git. Idan zai haɗa aiki biyu, ba ya ɗora nawa kusa da nasu ya zaɓi wanda ya fi kyau. Komawa baya yake yi ya nemo dami na ƙarshe da ni da su muka yi tarayya a kansa, wato kakan da muka haɗa, ya auna kowannenmu da shi. Layin da su kaɗai suka taɓa, ya ɗauki nasu. Wanda ni kaɗai na taɓa, ya ɗauki nawa. Inda kuwa dukanmu muka sa hannu a wuri guda, ba ya yanke hukunci. Sai ya rubuta nawa a sama, nasu a ƙasa, ya kewaye su da shingen alamomi, ya ce ɗan Adam ya zo ya raba gardama. Wannan na kira shi karo.

Karo uku muka samu. Na farko ya ba mu dariya, domin a layin farko yake, inda adadin kalmomi yake. Sun ƙara kalmomi sun sauya lambar, ni ma na ƙara na sauya. Tawa daidai ce a gidana, tasu daidai ce a gidansu, amma bayan haɗawa duka biyun ƙarya ne, sai da muka sake ƙirga. Na biyu a ƙasan jerin ne. Na riƙa zuba kalmomina a ƙarƙashin masu ƙugiya, su kuma sun kwashe masu ƙugiyar daga wurin, sai Git ya rasa inda zai jingina nawa. Wannan aikin hannu ne kawai, ya ci mana yamma guda.

Na uku layi ɗaya ne tak: zumunta. Ƙungiyar matan coci a wurinmu Zumuntan Mata muke ce mata, haka na tashi na ji, haka kuma na yi ta bugawa a takardun da ake kawowa shago. Don haka tun a Oktoba na sa wa kalmar alamar da ke ba ta damar ɗaukar -n. Su kuma a gyaransu sun sa mata ta -r, kamar kowace tamata mai ƙarewa da -a. Ga su nan a allo, ɗaya a kan ɗaya, shinge a tsakani. Na daɗe ina kallonsu. Jimlar nan ce da Malam ya sa aka rubuta a allo ta biyo ni har Kafanchan.

Bari in ɗan ratse in faɗi wani abu da ya faru a yammar, don kada wani ya faɗa ramin. Hanyar haɗa aiki biyu ce. Ta farko, wadda na bayyana, takan bar tarihin kowa yadda yake ta ƙulla su wuri guda. Ta biyu, git rebase, takan ɗaga damunanka ne ta shimfiɗa na tushe a ƙasa, sannan ta sake jera naka a kai da sababbin lambobi, sai tarihin ya miƙe sambal kamar bayan sun gama nasu ka fara. Yaya ita ya fi so, ya ce in gwada in gani. Da muka iso karo, Git yana kiran ɓangare ɗaya "namu", ɗayan "nasu". Na zaɓi namu ba tare da tunani ba, sai na ga kalmomina sun sake ɓacewa. Na kusa faɗowa daga kujera. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce a wannan hanyar sunayen juyawa suke yi: da yake a kan aikin tushe kake tsaye kana ɗora naka, tushe shi ne "namu", aikin hannunka kuma "nasu". Wannan karon babu abin da ya salwanta, tunda komai yana cikin dami, umarni ɗaya ya mayar da mu inda muke. Amma ni na koma wa hanyar farko, kuma har yau ita nake bi. Na yi shekara biyu a aji ina kiran Hausar wasu tamu, ina kiran ta gidanmu tasu, ba na buƙatar na'ura ta taya ni.

Da muka gama, Yaya ya ce kada in riƙe komai a gida, abin da zai amfani kowa in tura tushe. Dalilinsa na ɗan kasuwa ne: duk gyaran da ka riƙe kai kaɗai, kai za ka yi ta dakonsa duk lokacin da tushe ya motsa, wanda suka karɓa kuwa ya zama kayansu, su za su kula da shi. Na tura ta GitHub. Bayan kwanaki ɗaya daga cikin masu kula da rumbun ya amsa cikin ladabi. Ya karɓi sunayen garuruwa duka, har da Kpop mai sautin da babu shi a Hausa, ya ce suna suna ne. Ya karɓi gwate da wasu kalmomin abinci. Zumuntan kuwa ya ƙi. Ya ce aikin wannan ƙamus shi ne nuna wa mai rubutu daidaitacciyar Hausa, idan aka buɗe wa wannan ƙofa to motan da rigan ma sai su shigo, kuma yaron da ke koyon rubutu ba zai sami mai gyara masa ba.

Na ji haushi, har na rubuta doguwar amsa. Na kawo abin da muka koya a darasin karin harshe, cewa raunin jinsi ba a bakin 'yan Kagoma kaɗai yake ba, ana jin sa a Zazzaganci da Bausanci. Na ce Hausarmu ba jiya ta zo ba: ta shigo da fatake da masarautar Jema'a, ta ƙaru da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, ta zauna daram da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 aka shiga karantar da mutane da shi. Na ce ita kanta daidaitacciyar Hausar ai mutane ne suka zauna suka tsara rubutunta, tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912, zuwa haruffa masu ƙugiya na shekarun 1930 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga 1939, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980. Duk da tarukan nan, har gobe Nijar na rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, reshe biyu da ba su gama haɗewa ba, kuma babu wanda ya mutu.

Na karanta amsar sau biyu, ban tura ba. Duk abin da na rubuta gaskiya ne, amma bai rushe maganarsa ba. Ni ɗin nan da wannan jan layin na koyi inda ƙugiya take, kuma ranar da zan rubuta kundin digirina ina son ya kama ni idan na rubuta "motan Malam". Kuskurena shi ne na so ƙamus ɗaya ya yi aiki biyu. Shi ma mai kula da rumbun bai ce kalmar ba ta wanzu ba, cewa ya yi ba a rumbunsa za ta zauna ba.

Yanzu ga yadda na tsara abin. Ba na ƙara taɓa babban jerin. Kalmomin gida suna cikin wani ƙaramin fayil nasu na daban a reshen kagoma, a nan zumuntan take zaune, ita da 'yan'uwanta, kuma ana haɗa fayilolin biyu ne kawai a lokacin da za a sa wa kwamfutar shago. Tun daga nan tushe ya motsa sau da dama, ba mu sake yin karo ba, tunda ba ma taka sawun juna. Yaya ya ce ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, masu haɗa Debian ma haka suke ajiye facinsu a jaka ta daban a kan manhajojin da suka kwaso daga wasu. Kafin in jawo kowane gyara nakan ɗaure abin da ke hannuna, ko da rabin aiki ne. Idan da gaske bai isa ɗauri ba, sai in yi git stash, wato in cusa shi a aljihu, in jawo gyaran, in fito da shi. Amma ba na barin abu ya kwana a aljihu. Na kuma sayi littafin rubutu mai bango mai tauri.

Sauran kalmomin Disamba. Da hutun Ista na 2023 na je na zauna gaban Kaka na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta gane zancen rumbu a cikin akwati ba, amma ta gane an yi asara. Na ce ta sake faɗa mini. Ta yi ƙoƙari, ta kawo kamar 20, sannan ta gaji ta ce da ni da harshenmu, "Jikana, ba na ajiye su a kai, a hannu suke. Ka dawo lokacin tsaga."

A daminar shekarar ne cutar nan ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, gonaki suka tashi a banza, har da tamu. Da na je a Disamba babu majalisar tsaga, babu ƙamshin citta a tsakar gida, wuƙar Kaka tana soke a jikin danga. Sai a ƙarshen 2024 aka ɗan samu abin tsagawa, daga ɗan irin da babana ya saya da tsada. Na zauna kusa da ita da littafi da biro, kowane dare kuma in buga in ɗaure. Na sami 60 da wani abu, wasu na tuna su da na ji, wasu sababbi ne gare ni.

Akwai guda ɗaya da take damuna. Na tuna sarai a wancan Disambar ta faɗi sunan guntun cittar da ya kuɓuce wa mai haƙa ya kwana a ƙasa, ya tsiro da kansa da ruwan farko. Na tuna har na yi dariya da na ji kalmar. Na kwatanta mata, sai ta ce, "Gyauro." Na ce a'a Kaka, wannan ta Kano ce, ke wata kika faɗa. Ta dube ni ta ce ita tun tana yarinya gyauro take cewa, in daina sa mata magana a baki. Na tambayi Mama, na tambayi matan da ke zaune, kowa ya ce gyauro.

A bayani, layi na 331, ma'anar tana rubuce, da sunan Kaka a gurbin mai faɗa, gurbin kalmar kuwa babu komai. Haka na ɗaure shi. Bana ma babana ya shuka kunya kaɗan a bayan gida, na kuma gaya wa Kaka ta wasa wuƙarta.